Talata, tsakiyar hunturu

Tun kafin kiran assalatu na tashi na ɗora ruwan wanka a kan gawayi, gas ya ƙare tun jiya. Sanyin Kano a irin wannan lokaci ba ya raga wa kowa. Na shafe ƙafar auta da man kaɗanya, kaushi ya fara tsattsaga mata dunduniya, ita kuwa sai ƙyalƙyala dariya take wai cakulkuli nake mata. Suka sha koko da ƙosai, mai adaidaita ya zo ya kwashe su.

Babban, ɗan farina, ko sunansa ban kira ba. Shekararsa 12, har yau "kai" nake ce masa. Haka Inna ta yi min, don ni ma 'yar fari ce. Har ta koma ga Allah ban taɓa jin sunana a bakinta ba. Amma ƙanzon tuwo ni take ɓoye wa a kwano, ta rufe da faifai, in na dawo daga makarantar allo ta ce ba tare da ta kalle ni ba, "Ga wani abu can, kada kaji su ci." Iyakar abin da ta taɓa faɗa min ke nan, kuma na gane.

Da yamma ta tsakiyar ta dawo daga Islamiyya da hadisin da aka koya musu: Aƙra'u ɗan Habis ya ga Manzon Allah (SAW) ya sumbaci jikansa Hasan, ya ce shi 'ya'yansa goma, bai taɓa sumbatar ko ɗaya ba. Annabi ya ce wanda ba ya jin ƙai, ba za a ji ƙansa ba. Sai ta tsare ni da ido: "Umma, ke me ya sa ba kya sumbatar Yaya?" Na ce ta je ta cire hijabinta. Me zan ce mata? Yayan yana gefe yana wanke safarsa, ya sunkuyar da kai kamar bai ji ba.

Da daddare an ɗauke wuta. Na shiga ɗakinsu da tocila, na ja masa bargo, na ɗora hannu a kansa na yi addu'a, na ambaci sunansa a hankali. Sai na ji, "Umma, ban yi barci ba fa."

"To wa ya tambaye ka?" na ce, na fito da sauri.

Gobe ɗanwake zan yi, shi yake so.