Baƙo ne ya nuna mini garinmu

Kullum ina wuce Gidan Tarihi na Waziri Junaidu, ban taɓa leƙawa ba, sai jiya da Baffa ya zo daga Zariya ya ce, "Ɗana, kai ni can." Wallahi kunya ta kama ni, ni da aka haifa a Sakkwato.

Rubuce-rubucen hannu na Larabci da ajami su suka tsayar da ni. Takarda ta tsufa, amma harafi na nan raɗau.

Muka biya Hubbare, inda aka rufe Shehu a 1817, muka yi addu'a. Daga nan sai Shiyar Madunka. Baffa ya ƙyalla ido kan wata jaka ta fatar jar akuya, ya zauna ciniki har la'asar. Ni na biya kuɗin.