Garkuwar da na nema wa ɗan aikina a Drupal

Shekarata ta tara ke nan ina gina shafukan intanet da Drupal, wata manhajar gina shafuka ta kyauta, yawanci na makarantu da ƙananan ƙungiyoyi, amma sai bara na rubuta wani abu nawa na saki kyauta ga duk mai so. Modul ne ɗan ƙarami, wato irin guntun manhajar nan da ake jona wa shafi ya ƙara masa wani aiki. Nawa aikinsa ɗaya tak: mutum ya rubuta "kasa" a akwatin bincike, a kawo masa har da "ƙasa", ya rubuta "dan", ya ga "ɗan". Da yawa cikin mutanenmu babu ƙ da ɗ da ɓ a madannan wayarsu. Rubutu yana nan cikin shafi, bincike ya ce babu. Abin ya daɗe yana ci mini tuwo a ƙwarya.

Ɗora shi a drupal.org bai ba ni wahala ba, domin tun watan Maris na 2017 aka buɗe ƙofa, kowa na iya fitar da cikakken aikinsa ba sai ya jira wani ba. Sai dai a jikin shafin aikin akwai gargaɗi ɓaro-ɓaro cewa ba ya ƙarƙashin kulawar kwamitin tsaro na Drupal. Waɗanda ke ƙarƙashin kulawar kuwa, 'yar alamar garkuwa ake maƙala musu kusa da lambar sigarsu. Shugaban wata makaranta da nake yi wa aiki ya ga gargaɗin nan, ya kira ni. "Malam, wannan abin da ka saka mana, ashe su da kansu sun ce ba su tsaya masa ba?" Na yi ta bayani, amma ni kaina na ji bayanin bai cika ba. A daren na shigar da buƙatar neman garkuwar.

Tsarin ba shi da sarƙaƙiya. Ka faɗi abin da aikinka ke yi, ka nuna reshen kod ɗin da kake so a duba, wato rubutun umarnin manhajar, ka fara tace shi da manhajar duba kod ta phpcs don a ga ka bi ƙa'idar rubutu ta gidan. Daga nan sai jira. Masu dubawar 'yan sa-kai ne, masu gina shafuka irina, kowa da aikin da yake ci da shi, sai ya sami sarari ya leƙo. Mako bakwai na yi ina buɗe wurin kowace safiya.

Wadda ta fara ɗaga nawa ban san ƙasarta ba, sunan laƙabi kawai na gani. Ta fara da ƙananan abubuwa, sannan ta tsaya a kan layi ɗaya. A saman sakamakon bincike ina maimaita wa mutum abin da ya rubuta: "Sakamakon bincikenka na kaza." Tun Drupal 8, da ya fito a Nuwamba 2015, Twig, wato ɓangaren da ke tsara fuskar shafi, yana wanke duk rubutun da za a nuna a shafi da kansa, don kada abin da baƙo ya rubuta ya zama umarni ga burauza. Ni kuma na kashe wankin a wannan layin da kalmar raw. Na san dalilina sarai. Idan aka nemi 'yan ko 'ya'ya, alamar nan ta gaban y sai ta fito a hargitse, ' maimakon ɗan ɗigon da muka sani, saboda ana wanke rubutun sau biyu. Ya kamata in cire wanki ɗaya in bar ɗaya. Cikin gaggawa na cire duka biyun, Hausa ta fito tas, na wuce.

Ita ba ta yi dogon surutu ba. Ta rubuta ɗan gajeren umarnin JavaScript, yaren da burauza ke karɓar umarni da shi, a akwatin binciken, ta ce in gwada da kaina. Na gwada, ƙaramar taga ta faɗo a tsakiyar allo. Gabana ya faɗi, don a lokacin makarantu uku ne ke amfani da modul ɗin. Mai kutse zai iya naɗe irin wannan umarni cikin adireshin bincike ya tura wa mai kula da shafi ta WhatsApp. Da ya latsa alhali yana cikin asusunsa, umarnin zai yi aiki da ikonsa, kamar shi ya bayar. Ta kuma nuna mini maɓallin share jerin kalmomi da na bari ba tare da shaidar da ke tabbatar da cewa mai kula ne ya yi niyyar latsawa ba. Ta mayar da buƙatar zuwa sahun masu buƙatar gyara, ta ce in na gama in dawo da ita. Kafin asuba na gyara, na sabunta shafukan uku.

Sai da aka amince na fahimci abin da aka ba ni. Izinin na mutum ne, sau ɗaya ake bayar da shi, kuma daga nan duk aikin da ka fitar kana iya sa shi ƙarƙashin kulawar da kanka. Kai ake aunawa: ka iya rubuta kod mai tsaro, ka san lasisin GPL da ake sakin Drupal kyauta a ƙarƙashinsa, kana karɓar gyara? Garkuwar ba ta rufe sigar gwaji, sai tabbatacciya. Kuma ba ta ce babu ɓaraka a aikinka. Abin da take cewa shi ne, in an gano ɓaraka, akwai hanyar kai rahoto a asirce, kwamitin zai zauna da kai a toshe ta kafin a sanar, sanarwar kuma ranar Laraba take fita. In ka yi biris, su shelanta cewa aikin ba shi da mai kula, kowa ya cire shi.

Wannan sirrin ba ƙaramin abu ba ne ga wanda ya ga 15 ga Oktoba 2014. Ran nan aka sanar da ɓarakar da ake kira Drupalgeddon a cikin Drupal 7 kansa, wadda ke ba mutum damar cusa umarni cikin rumbun bayanai ba tare da ya shiga asusu ba. Bayan mako biyu kwamitin ya ce duk shafin da ba a sabunta ba cikin awa bakwai da sanarwar, a ɗauka an riga an shige shi. Awa bakwai, alhali maganin ya fito tare da sanarwar. To ina ga a ce an tona ɓarakar a bainar jama'a babu magani a hannu?

Masu ƙorafi kan tsawon jira suna da gaskiya, na ɗanɗana. Akwai kuma abin da ke damuna fiye da jiran: dubawa ɗaya ce, kod ɗin da zan rubuta baɗi babu wanda aka ɗora wa duba shi. Duk da haka ba na goyon bayan a sassauta. Layin yana tsawo ne don masu nema sun fi masu dubawa yawa, kuma an daɗe ana roƙon masu nema su duba na wasu. Akwai ma lokacin da duba ayyuka uku ke sa a matso da naka gaba.

Na fara yi. A na biyun da na duba, na tarar da shafi mai nuna jerin adireshin imel na waɗanda suka yi rajistar taro, an bar shi buɗe ga kowa. Na rubuta wa mai shi yadda aka rubuta mini: ga layin, ga yadda za ka gwada, ga gyaran. Kwana biyu ya dawo da shi a gyare.

Shugaban makarantar nan na tura masa hoton garkuwar, na kuma faɗa masa abin da aka gano da abin da na gyara. Ya ce, "To madalla, Malam, Allah ya ƙara basira." Yanzu kowace Asabar bayan sallar asuba nakan ɗauki buƙatar da ta fi daɗewa a layi. Ta wannan makon modul ne na tura saƙon tes, fayil goma sha huɗu, na kai na shida.