Na'urar jin girgizar ƙasa: inda aka kwana

'Yan'uwa masu haɗa irin wannan na'ura, ga inda nawa aikin ya tsaya. Tawa irin ta James Lehman ce, wadda aka bayyana a 1979: sandar ƙarfe a kwance kamar ƙyauren da aka ɗan karkata madogararsa, dalma a bakinta, sai maganaɗisun tsohuwar lasifika yana kai-komo gaban naɗin wayar tagulla.

Tsawaita lilon ne ya fi cin rai. Da farko sandar na zuwa ta dawo cikin daƙiƙa 5. Na riƙa sassauta notin ƙafar gaba, rubu'in juyi kowane karo, har ta kai 14. Ku yi haƙuri da wannan mataki, domin igiyoyin girgiza da ke bin saman ƙasa daga nesa kusan daƙiƙa 20 kowace ke ɗauka, kuma sanda mai saurin lilo ba ta jin su sosai. In ka zarce kuma, sai ta kwanta gefe guda ta ƙi dawowa.

Wajen tsayar da lilon na bar man injin. Da sanyin asuba yakan yi kauri, da rana ya tsinke, zanen motsin da na'urar ke fitarwa ya riƙa canzawa ba gaira ba dalili. Yanzu farantin alminiyam ne tsakanin maganaɗisu biyu. Na kuma kifa mata akwatin katako, saboda iskar buɗe ƙofa kaɗai ta isa ta ɓata zanen awa guda.

Karatun zanen nake koyo yanzu. Girgiza na aiko igiyoyi iri biyu ta cikin ƙasa, P da S. Igiyar P ce ke fara isowa, tana cin kusan kilomita 6 a daƙiƙa cikin ɓawon ƙasa, S na biye da kusan 3.5. In girgizar ta kusa ce, ninka tazarar daƙiƙun da ke tsakaninsu sau 8, ka sami nisan a kilomita. Ta nesa kuwa sai da jadawalin lokutan isowar igiyoyi na masana Jeffreys da Bullen na 1940. Na gwada lissafin da girgizar Maroko ta 8 ga Satumba 2023: daga Kano kusan kilomita 2,700, P ta iso cikin minti 5 da 'yan kai, S ta biyo bayan fiye da minti 4. Kada ku damu in P ta fito 'yar mitsitsiya. Daga ƙasa take tasowa, sandarmu kuwa motsin gefe take ji.

Girgizar Japan fa, kada ku ɓata dare kuna neman S ɗinta kai tsaye. Ba ta ratsa narkakken ƙarfen da ke cikin cibiyar duniya, don haka in nisan girgizar ya wuce digiri 104 na kewayen duniya ba a ganinta, Tokyo kuwa ta haura digiri 110 daga nan. Igiyoyin saman za ku fi sa wa ido.

Saura daidaita agogo. Jerin girgizar ƙasa na USGS, hukumar binciken ƙasa ta Amurka, da lokacin UTC (agogon duniya) yake, mu muna gaba da awa ɗaya. Wanda ya taɓa haɗa GPS da Arduino ('yar ƙaramar na'urar lantarki da ake ba umarni) don wannan, ya taimaka mini da yadda ya jona wayoyin.