Wandon littafi ba shi da zariya

Laraba, bayan isha.

Baba Ɗanjuma ya kayar da ni yau, kuma a fagen da nake taƙama da shi. Tun la'asar abin yake ci na.

Safiya dai ba labari. Koko da ƙosai, na sauke Hanifa a makaranta, na shiga aji ƙarfe goma, rabin ɗaliban sun duƙunƙune saboda hunturu. Bayan azahar na hau keke daga Samaru zuwa Sabon Gari in karɓo ɗinkina. Kun san halin Baba: riga ta kammala, wando saura "minti biyar". Na zauna a bencin nan nasa mai gurguwar ƙafa, na zaro takarduna ina dubawa.

Ya leƙo ta saman tabarau ya ce, "Dakta, wai har yanzu karatun nan bai ƙare ba? Me kuke ƙirgawa ne haka?" Tun kafin in yi rajistar digirin dakta yake kira na Dakta, kuma ya san sarai sunan na sosa mini inda ke ciwo.

Na ce, "Baba, huda muke ƙirgawa."

Ya tsayar da keken ɗinki. Ni kuwa dama abin nema ya samu, sai na gyara zama. Na ce a fanninmu, tofoloji, wato reshen lissafi mai nazarin siffofi, ana ɗaukar kowane abu kamar ɗanyen yumɓu ne. Ka ja shi, ka lanƙwasa, ka murɗa, muddin ba ka yaga ba kuma ba ka liƙe ba, a wurinmu bai canja ba. Ƙwarya tana da zurfi amma ba ta da huda, don haka ita da faifai ɗaya suke. Zobe huda ɗaya, kofin shayi mai mariƙi ma ɗaya. Aikin aljabara a ciki shi ne ta mai da hudojin nan lambobi da za a iya tarawa a ɗebe, hanyar da masanin lissafi Poincaré na Faransa ya share tun 1895. Da na ga yaran shago sun kasa kunne, sai kaina ya ɗau zafi. Na nuna wandon da ke hannunsa na ce, "Wannan huda nawa gare shi?"

Ya ce, "Uku mana. Ƙugu da ƙafa biyu."

Na ce biyu ne. Ka buɗe ƙugun ka yi ta faɗaɗa shi har wandon ya kwanta a ƙasa kamar faifai, bakin ƙugu ya zama gefe kawai, abin da ya rage huda biyu. Har a littattafanmu akwai siffar da ake kira wando, kuma haka lissafinta yake. Na faɗi wannan ina murmushi irin na wanda ya gama magana.

Bai ce uffan ba. Ya datse zare da haƙori, ya ɗauko zariya ya ɗaura a tsinke, ya zura ta wannan baki, ya yi ta tattare yadin da yatsu a hankali har tsinken ya ɓullo ta ɗaya bakin. Ya ɗaga wandon da zariyar, yana lilo a gabana.

"To Dakta, wannan kuma ta ina ta bi?"

Wallahi sai da na ji gumi a cikin sanyin nan. Maimakon in ce ya yi gaskiya, sai na ce ai ni wandon littafi nake nufi.

"Wandon littafi ba zariya? To ai sai ya zube a gaban mutane."

Yaran suka kwashe da dariya har da buga benci. Ni ma na yi yaƙe.

Da ya ga na yi laushi sai ya sauya zance, ya ce shin akwai wanda ya taɓa cin abinci da wannan sana'a? Na ba shi labarin Michael Atiyah, shahararren masanin lissafi. An haife shi a Landan a 1929, uba ɗan Labanon, uwa 'yar Sikotilan, amma a Khartum ya yi firamare, sannan Alƙahira da Iskandariyya, kafin Kambirij inda ya gama digirin dakta a 1955. Shi da Hirzebruch na Jamus suka gina wani reshe na tofoloji da ake kira nazariyyar K, shi da Singer na Amurka suka fito da ƙa'idarsu a 1963, ya karɓi manyan kyaututtukan lissafi biyu, lambar Fields a Mosko a 1966 da kyautar Abel a 2004, ya rasu a Janairun 2019. Duk wannan jeri, Khartum kaɗai Baba ya riƙe. Wai mahaifinsa ta can ya bi a ƙasa zuwa aikin hajji, ya shekara uku yana ɗinki kafin ya tara kuɗin tsallake Bahar Maliya. Har cewa ya yi, wa ya sani ko shi ya ɗinka wa yaron kayan makaranta.

A keke ina dawowa, daga Kwangila na fara wani lissafin da ba shi da daɗi. Atiyah ya zama dakta yana ɗan 26. Fields yana ɗan 37. Ni watan gobe nake cika 36, babi na uku na kundin digirina ya fi shekara yana kallo na ina kallon sa. Abin da aka fi faɗa game da mutumin shi ne bakinsa ba ya shiru, a tsaye gaban allo yake lissafi, yana gardama da abokan aiki har abu ya fito. Ni fa? In kulle ofis, in ɓoye takarda kamar mai ɓoye ciwo, kada wani ya ga kuskure. Rabon da in nuna wa Malam, mai duba aikina, abin da na rubuta tun kafin babbar salla. Yau mutum ɗaya ya ƙalubalance ni, da tsinke da zariya, na kasa cewa "haka ne, Baba".

Tuwon masara miyar kuka. Maman Hanifa ta tambaye ni lafiya, na ce gajiya ce. An ɗauke wuta tun magariba.

Ɗazu da fitilar waya na zana abin a bayan takardar jarrabawa. Na gwada in hanyar zariyar baki biyu gare ta, na gwada in baki ɗaya ne ta zagaye ta dawo. Ko ta ina na bi, huda ɗaya take ƙarawa. Uku ke nan, amsar da ya bayar tun farko, ko da yake ba da hujjar da ya fara kawowa ba, kuma wannan 'yar tazarar ce kawai nake lallaɓa zuciyata da ita.

Na tura wa Malam saƙo cewa zan kawo babi na uku Juma'a yadda yake. Bai amsa ba tukuna. Hular da ta zo da kayan kuma na manto ta a shagon, dole gobe in koma.