Ranar da Gwaggo ta ce nonona ya lalace

Haihuwar fari ce, don haka gida na koma wankan jego, ƙauyenmu da ke ƙasar Ringim. Kwana 12 da sauka kan nonona na hagu ya tsage. Duk sanda yaron ya kama sai na ciji leɓe, har na fara kauce wa wannan ɓangaren ina ba shi na dama kaɗai.

Cikin kwana biyu nonon ya cika ya yi tauri kamar dutsen niƙa, gefe ɗaya ya ɗauki zafi rau, ga zazzaɓi da rawar ɗari. Inna ta ce gajiyar jego ce. Gwaggo kuwa ta sa na tatsa a ludayi ta jefa tururuwa ciki. Da tururuwar ta kasa fita, ta ce nonon ya lalace, kada a kuskura a ba yaro. Yo wace tururuwa ce ta iya iyo? Amma wa zai ja da Gwaggo a ɗakin mai jego? Aka ƙara gasa ni da ganyen darbejiya, aka ƙara kunun kanwa. Ni kuwa sankarar mama nake ta saƙawa a raina, ban faɗa wa kowa ba.

Sai da na yi mako ba barci sannan yayana ya ɗauke ni a babur zuwa asibiti. Malamar asibitin ta taɓa wurin, ta dube ni.

“Ƙanwata, wa ya ce ki daina ba shi?”

Na yi shiru.

Ta ce nonon da bai samu fita ba ne ya taru ya kumbura, ƙwayoyin cuta suka shiga ta tsagar, yanzu ya zama ƙurji. Ba daji ba ne. Da na ci gaba da shayarwa kuma na zo ranar da zazzaɓin ya fara, da wataƙila ƙwayoyin magani sun isa. Nonon kuma ba ya cutar da jariri. Likita ya tsaga wurin, mugunya ta fita, na yi ta zaryar wankin ciwo.

Abin da ya fi tsaya mini shi ne ta sa na shayar a gabanta. Ashe tsinin kawai yaron ke tsotsa, shi ya sa ya tsage. Ta manna cikinsa da nawa, ta jira ya wangale baki, ta tura shi ya haɗa da baƙin da ke kewaye, haɓarsa na taɓa nonon. Zafin ya ragu nan take. Abin minti biyu, amma duk tsoffin da ke gidanmu ba wadda ta nuna mini.

Da na haifi ta biyu, ƙullutu ya sake fitowa a kwana na tara. Na ci gaba da ba ta, ina ɗora tsumma mai sanyi bayan ta sha, washegari ya baje. Gwaggo ta zo barka, ta tambayi ludayi. Na ce kaji sun fasa shi.