Bukkar da ta ba zirin ƙasa suna

A ƙurewar kudancin duniya, a Antaktika, akwai tsibirin Ross, wanda kaf ɗinsa duwatsu masu aman wuta ne suka gina shi. Babbansu Erebus, tsayinsa mita 3,794, har gobe akwai tafkin narkakken dutse yana tafasa a bakinsa alhali ƙanƙara ta lulluɓe shi. Daga gindinsa wani siririn zirin ƙasa ya miƙe kudu maso yamma cikin teku, tsawonsa kusan kilomita 24. Shi ne Hut Point, "hut" kuwa bukka ce da Turanci.

Ni da nake wuni ina shiga ina fita ɗakin sanyi a Ijora, ina lissafin katan-katan na kifi, duk labarin da ya shafi ƙanƙara yana jan hankalina. Amma a nan sunayen wurin ne suka riƙe ni.

James Clark Ross, wani hafsan jiragen ruwan Birtaniya, ya iso yankin a 1841 da jiragen ruwa biyu, Erebus da Terror, sai ya raɗa wa manyan duwatsun biyu sunayen jiragensa. Gaɓar nahiyar kuwa ya sa mata sunan Sarauniya Biktoriya, ita dai wannan da unguwar masu kuɗi ta Legas ke amsa sunanta. Mashigin ruwan da ke gefen tsibirin ya samu sunan McMurdo, wani hafsa a jirgin Terror. Suna ne irin na wanda ya hango wuri daga nesa, yana neman faranta wa na sama da shi.

Mutanen Robert Scott, jagoran wata tawagar bincike ta Birtaniya, da suka zo a 1902 su ne suka zauna, kuma sunayensu sun fi burge ni, don kowanne akwai abin da ya faru a wurin. Kamar dai Mile 12 ne, sunan da ba a ɗauko shi daga wani babban mutum ba. Bukkar katako suka kafa a bakin ruwa, daga ita zirin ya samu suna. Abin dariyar, a Ostireliya aka ƙera ta, da baranda irin ta gidajen ƙasar zafi. Ɗumama ta ya gagara, ala tilas suka ci gaba da kwana a cikin jirgi, ita kuma ta koma sito. Tana nan tsaye har yau, sanyi ya hana katakon ruɓewa.

Gangaren da suka kira Danger Slopes kuwa ba wasa ba ne. A watan Maris na 1902 guguwar ƙanƙara ta rutsa da wasu a can, wani ma'aikacin jirgin ruwa, George Vince, santsi ya kwashe shi ya faɗa teku, ba a ga gawarsa ba. Tudun Observation, mai mita 230, nan ake hawa a duba ko masu tafiya sun dawo. A kansa aka kafa gicciye a 1913 bayan Scott da abokan tafiyarsa sun mutu a hanyar dawowa daga South Pole, wato ainihin ƙarshen kudancin duniya.

Yanzu Amurka na da sansanin bincike na McMurdo a zirin, Niyu Zilan kuma na da na Scott tun 1957, tazararsu kamar kilomita 3. Baƙin dutsen da wuta ta amayar shi ya jawo su, domin a nahiyar samun tsandauri marar ƙanƙara da jirgi zai iya isa gare shi aiki ne ja.