Darussa daga aikin sa ido kan kamun kuskure a ragar kalli

Tambayar da ofis ke yi a ƙarshen kowane wata guda ce: cikin fitar da masunta suka yi da ragar kalli, kashi nawa ɗan sa-ido ya raka don ganin kamun kuskure, wato abin da raga ta kama ba shi aka fita nema ba? Ba a cika tambayar jiragen su wa aka hau ba, ko a wane lungu na mashigar kogin aka shimfiɗa ragar, ko da ƙarfe nawa. Ɓarnar aikin daga nan take farawa, kuma da wuya ta fito daga ɗan sa-idon da ke cikin jirgi.

Sanya kaso ba laifi ba ne. A jihar Karolina ta Arewa da ke Amurka, izinin da aka bai wa hukumar kamun kifi ta jihar a 2013 kan kunkurun teku da ke faɗawa raga bisa kuskure ya wajabta a raka aƙalla kashi 7 cikin ɗari na fitar masu raga mai manyan idanu, da kashi 1 na masu ƙananan idanu. A 2014 aka ƙara wani izinin kan kifin istajin na Atilantika, wani babban kifi da doka ta kare. Ƙa'ida irin wannan tana hana hukuma barci. Amma akwai irin shugaban da bai taɓa shan sanyin asuba a kan ruwa ba, wanda da ya ga lamba sai ya ɗauka ita ce aikin gaba ɗaya. Makon ƙarshe ya zo kaso bai cika ba, sai ya sa a kira masuntan nan da ba sa ƙin ɗaukar mutum, waɗanda ke sauka a gaɓar da mota ke iya kaiwa. Kaso ya cika, ya sa hannu.

Masuncin da ke maraba da kai ɗan sa-ido kullum, yawanci ya san ragarsa ba ta cika taɓa abin da doka ta kare ba. Ko wanda ba haka yake ba, ranar da kake jirginsa zai rage tsawon raga, ya ɗaga da wuri, ya kauce wa wurin ciyawar ƙarƙashin ruwa inda koren kunkuru ke kiwo. Ba ƙarya ya yi maka ba. Ya san kunkuru kaɗan na iya jawo a rufe yankin ga kowa, kuma yana da iyali. Sai a ɗauki abin da aka gani a waɗannan jirage a ninka shi a kan dukan masuntan yankin, har da masu kwana da raga a can cikin lungu waɗanda ba wanda ya taɓa hawa jirginsu.

Maganin ba ɓoyayye ba ne, wahala ce da shi. A raba yankin gida-gida bisa wuri da lokacin shekara da girman idon raga, a fitar da sunaye da ƙuri'a daga jerin masu lasisi a kowane gida. Wanda ya ƙi, a rubuta ya ƙi, da rana da dalilin da ya bayar, kada a tsallake shi shiru a kira na kusa. A riƙa fita da jirgin hukuma ana tarar masunta a kan ragarsu ba tare da sanarwa ba. Sannan a kwatanta kifin da mutum ya sauke ranar da aka raka shi da na ranakun da ya fita shi kaɗai: in na ranar rakiya kullum ya fi kaɗan, ba irin fitarsa ta kullum kake gani ba. Duk wannan yana rage kason da zai bayyana a rahoto, shi ya sa masu zaman ofis ba sa son jin sa.

Lissafin kansa ya kamata ya sa mutum ya yi hattara. A ɗauka an yi fita 2,000 a kaka guda, aka raka 100, aka ga kunkuru 4. Kiyasi ya zama 80. Da an ga ɗaya ƙari, 100 ke nan, wato kunkuru guda a jirgi ya zama ashirin a takarda. In kuwa ba a ga ko ɗaya ba, ba a ce babu. Ƙa'idar masu ƙididdiga ita ce a raba 3 da yawan fitar da aka raka don a sami iyakar sama, saboda haka sifili cikin 100 bai hana a ce fita 60 cikin 2,000 sun kama ba. Wannan ma in da ƙuri'a aka zaɓi jiragen.

Kuma "fita ɗaya" ba ma'auni ba ne. Wani ya shimfiɗa mita 200 na awa biyu, wani ya shimfiɗa mita 1,500 ya bar ta ta kwana, duka a fom fita ɗaya ce. Rubuta tsawon raga da zurfinta, da lokacin fara shimfiɗawa da gamawa, da lokacin fara ɗagawa da gamawa, da wurin bakin ragar biyu a na'urar GPS. Idon raga a jiƙe ake auna shi, a ja shi ya miƙe daga ƙulli zuwa ƙullin da ke fuskantarsa, a auna goma ko fiye a wurare dabam-dabam, don abin da masunci ya faɗa na ranar da ya saya ne. Duba ko an ɗaure igiyar sama da ta ƙasa da gajerun igiyoyi, domin hakan yana sa raga ta yi aljihu, aljihun kuma shi ke naɗe kunkuru da manyan kifaye. Takardar dillali, wato wadda mai sayen kifi ke rubuta abin da aka sauke, ba ta nuna fitar da aka dawo hannu wofi, alhali ragar ta sha ruwa.

A cikin jirgi, idonka ya tsaya inda raga ke fitowa daga ruwa. Sabon ɗan sa-ido yakan sunkuya yana ƙirga kifin da ke gabansa, a lokacin ne abu mai nauyi ke suɓucewa daga raga kafin ya iso gefen jirgi. Wani lokaci abin da za ka gani bai wuce inuwa da rawar igiya ba. Rubuta shi a matsayin wanda ya faɗi, ba a gane irinsa ba, kada ka ƙirƙira masa suna. Abin da aka ɗago cikin jirgi kuwa, hoto tukuna da abin awo a gefensa, kai da baya da ciki. Auna ƙoƙon bayan kunkuru da tef mai lanƙwasa daga wuya zuwa ƙarshe, ka duba hannayensa ko da alamar ƙarfe, ka bi jikinsa da na'urar karanta alamar da ake sawa a ƙarƙashin fata. Kunkurun da ba ya motsi kada ka rubuta ya mutu. A kwantar da shi kan cikinsa a inuwa, a ɗaga bayansa kamar santimita 15 don ruwa ya fita daga huhu, a riƙa jiƙa shi, daga awa 4 har zuwa 24. In ya farfaɗo a sake shi nesa da raga, farfelar inji ba ta juyawa. Ɗauki zafin ruwa da gishirinsa a kowace shimfiɗa, don ragar da ta daɗe a ruwan ɗumi ta fi kisa.

Sauran ƙanana ne. Fensir a kan takardar da ba ta jin ruwa, biro ba ya aiki a nan. Sifili dabam, gurbin da aka bari babu komai dabam. Shigar da bayanai a kwamfuta ranar da ka sauka. Kai ba ɗan sanda ba ne, kuma abin da ka gani a jirgin wani ba na hira a gaɓa ba ne. Kyamarar da ake kafawa a jirgi tana taimako, sai dai da dare ko gishiri ya rufe gilashinta ba ta ganin abin da ya faɗi.

Ka adana kwafin kowane saƙo da aka tura ka wani jirgi da shi, da kwanan wata da sunan wanda ya tura. Ranar da masu bita daga waje suka zo suna tambayar yadda aka yi rabin fitar shekara ta fito daga gaɓa ɗaya, 'yan sa-ido ake fara kira su yi bayani, shi kuwa mai sa hannun sau da yawa ya riga ya samu ƙarin girma ya koma wani sashe.